Aminin Mijina Ba Lauya Ba Ne

Pani Orisiya,

Don Allah ki taimake ni da shawara kafin in yi abin da zai raba gidaje biyu. Ki yi haƙuri in zancen ya yi ta yawo, haka kaina yake kwanakin nan.

Ni mai dafa abinci ce a wata makarantar firamare a nan Kolomiya. Mijina Miron direban bas ne kafin yaƙi. Da kansa ya je ya ba da sunansa tun farkon fari, ya dawo bara da kunne ɗaya a mace da wani jiri da ba ya sallama. Yana tsaye lafiya lau sai ki ga ya dafe bango. Mutumin da ya yi shekaru yana hawa da sauka da fasinja a hanyoyin duwatsu, yau ko keke ban yarda ya hau ba. Bam ne ya tashi dab da ramin da suke. Amma da likitoci suka zauna a kansa, babu takardar da ta nuna yadda ya ji ciwon, don kwamandan da zai sa hannu ya rasu a tsakanin, su kuma sauran aka rarraba su wasu rundunoni. Sai aka rubuta masa ciwo irin na kowa, kamar a kan gadonsa ya same shi. Fanshon da ake ba shi bai taka kara ya karya ba, amma ba shi ne ke cin ransa ba. Cewa yake yi, wato shi a kasuwa ya kurmance ke nan?

To ga inda gizo ke saƙa. Wanda ya saɓo shi a kafaɗa ranar har inda mota take, sunansa Zenik. Tare suka tashi, shi ya riƙe 'yarmu Yarina ranar baftisma, kin ga ai ya zama ɗan gida. Shi aka fara sallama, ya yi ta safa da marwa a ofisoshi har ya samu nasa haƙƙin, shi ke nan ya ɗauka ya zama gwani. Yanzu ya kama wani ɗan ɗaki bayan tashar mota yana karɓar takardun 'yan'uwansa sojoji, wai zai bi musu, in ta fito a ba shi kasonsa. Pani, mai walda ne fa, ko ƙofar makarantar lauyoyi bai taɓa leƙawa ba. Miron ya sa masa hannu a takardar wakilci, ya miƙa masa komai har da takardun asibiti na asali. Tun muna shuka dankali ake abu ɗaya, ga shi har mun haƙe mun zuba a rumbu. In na tambaya sai Zenik ya ce haba Maman Yarina, ki bar wa maza aikinsu, yana da mutum a ciki.

Na yi ta haɗiyewa. Sai Lahadin da ta wuce, bayan an tashi daga coci, Zenik ya zo na zuba masa abincin nan namu vareniki, yana ci yana ba mu albishir. Wai ya samu wani likita a wani gari da zai rubuta cewa kunnuwan duka biyu sun mutu, har da karaya a gadon baya, ya kuma mai da kwanan wata baya, in dai an biya shi. Wai kowa haka yake yi. Na dubi Miron, shi kuwa farantinsa yake kallo.

Washegari ina tashi daga aiki na zarce ofishin kula da tsofaffin sojoji na ƙaramar hukumarmu. Wata mata ta zaunar da ni, ta ce doka ta ba Miron lauya kyauta, kuma irin wannan hukuncin na likitoci ana iya neman a sake duba shi. Amma sai shi mai abin ya zo da kansa. Na dawo gida kamar in tashi sama don murna. Ina faɗa masa ya hau ni da faɗa. Wai ni ina nan ina juya miyar kabeji lokacin da Zenik ke jan sa cikin taɓo wuta na zuba a kansu, yau kuma ni ce zan koya masa wanda zai amince da shi. Wai so nake in cire wa mutum lomar bakinsa, mutumin da har yanzu akwai ƙarfe a cinyarsa, ga 'ya'ya uku. Maganar miyar nan ta ƙona ni, don shi ma ya san yadda na yi zaman jiran nan. Tun ranar gaisuwa ce kawai ke haɗa mu.

Kuma ni ban ce Zenik ɓarawo ne ba. Da aka yi wa Miron aiki shi ya faskara mana itacen hunturu kaf. Matarsa Darina kusa da ni take tsayawa a ƙungiyar mawaƙan coci. Amma na rantse ba zan zuba ido a kai mijina kurkuku a kan takardar ƙarya ba, alhali gaskiyarsa ta ishe shi. Wata zuciyar na ce mini in kai ƙarar Zenik wurin 'yan sanda, wata na ce in je ɗakin nan nasa in kwaso takardunmu ko da tsiya. Wanne zan yi? Zama dai ba zan zauna ba.

Matar Direba, Kolomiya

*

'Yar'uwata Matar Direba,

Ba ko ɗaya daga cikin biyun, aƙalla ba yanzu ba. In kin kai ƙara yau, kin rasa Zenik, kin rasa Darina, wataƙila har da mijin da kike son ki kare. In kin kwaso takardu da tsiya, a hannunki za su zauna, don lauya ba zai motsa ba sai da yardar Miron.

Kina da gaskiya a kan babban abu. Takardar ƙarya ba taimako ba ce, rami ce. Ranar da aka gano ta, sunan Miron ne a kai, kuma har ciwonsa na gaskiya sai an yi shakkarsa. A nan babu sassauci. Ki faɗa masa sau ɗaya, a natse, cewa wannan kam ba da ke ba.

Amma ki dubi nasa ɓangaren. Yaƙi ya ƙwace masa kunne, ya ƙwace masa sitiyari. Abin da ya rage masa wanda ba ya jiri shi ne amanar da ke tsakaninsa da mutumin nan. Da kika shigo da murnarki, shi abin da ya ji shi ne kin ce ya zaɓa tsakaninki da amininsa. Maganar miya ba ta dace ba, kuma kina da haƙƙin ki ce ta yi miki ciwo, sai dai ki ware mata ranarta daban.

Ga abin da ku duka ukun kuka tsallake. An rasa shaidar yadda Miron ya ji ciwo, ga kuma mutumin da yake wurin, ya gani da idonsa, ya ɗauke shi da hannunsa. Zenik ba wakili ba ne, shaida ne, kuma a matsayin shaida ya fi ƙarfin kowane likitan haya. Lauya zai san yadda za a rubuta bayaninsa, a nemo sauran abokan aikinsu, a bi sawun asibitin farko da aka kai shi. Amma ranar da Zenik ya taɓa takardar jabu, shaidarsa ta zube. Da wannan za ki je wa mijinki. Kada ki ce ya rabu da amininsa. Ki ce su je wurin lauyan tare.

In sun je, ku tabbatar lauyan yana cikin rajistar lauyoyi ta ƙasa, kowa na iya dubawa a waya. Ku tambayi ko akwai wa'adi, don neman sake duba hukunci ba ya jiran mutum ya huce. Takardun asali su dawo gida, kwafi kawai ake bayarwa. Takardar wakilcin kuma Miron ne zai soke ta da kansa, bayan ya gaya wa Zenik baki da baki.

Shi ma Zenik a gaya masa gaskiya. Dokar da ta ba tsohon soja lauya kyauta an yi ta ne don kada wanda ya zubar da jininsa ya koma raba haƙƙinsa da ɗan tsakani. In da gaske son taimakon 'yan'uwansa yake, ya riƙa raka su ƙofar da ta dace, ya tambaya ko ofishin na neman irinsa. In kuwa ya ƙi sakin takardun, ko ya nace sai likitan nan, to shi ya sauya maganar, ku sanar da lauya ya ɗauki mataki, kuma kada ki ji nauyin kowa.

Ki ci gaba da tsayawa, amma kusa da mijinki, kada ki wuce gabansa. Allah ya ba Miron lafiya, ya fito masa da haƙƙinsa ta hanyar da zai iya ɗaga kai a gaban kowa.

Taki,
Orisiya