Shanuna Biyu da Fararen Ɓerayen Na'ima

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai. Ni ce Nana Hauwa, matar marigayi Alhaji Salihu mai shanu, ta Unguwar Rogo cikin birnin Sakkwato. Wagga takarda da hannuna na rubuta ta, da bokon da na tsinta a ajin yaƙi da jahilci bayan furfura ta fito, saboda haka wanda ya ga harafi ya karkace ya miƙe shi a zuci. Hankalina garau yake. Ƙafafu ne suka ƙi, zuciya kuma likita ya ce ta gaji, amma kai yana nan yadda kuka san shi. Limaminmu Malam Junaidu ya shaida haka, na kuma faɗa masa abin da na ba da a gaban shaidu. Sauran zancen ban bar shi ya karanta ba, don ba shi iya riƙe dariya.

Zuwa ga ɗiyana, Ashafa da Rabi'u da Murja, da jikokina duka.

Na ɗaya. Na shaida babu abin bauta wa da gaskiya sai Allah, Annabi Muhammadu manzonsa ne. Murja da surukata Sadiyatu, matar Ashafa, su za su yi mini wanka. Kada a jinkirta ni don jiran wani, kada a yi mini kururuwa. Mai son kuka ya yi shi a hankali, na sha hayaniyarku ta ishe ni.

Na biyu. Ba wanda ke bi na bashi sai maƙwabciyata Tani. Babbar tukunyarta tana ƙarƙashin gadona tun sunan jikata Na'ima, yau ga Na'ima ta zama malama. A mayar mata, a ce na gode, tukunyar ta yi albarka.

Na uku. Gado Allah ya riga ya raba shi, ba ni da ta cewa. Amma Malam ya tabbatar mini ina da iko da sulusin abin da na mallaka, kuma jika ba ta cin gado in ubanta na raye, don haka wasiyya ta halatta gare ta. Shanuna biyu da ke hannun Mode makiyayi na ba Na'ima 'yar Ashafa, a sayar, ta tafi ƙaro karatun da aka kira ta. Rabi'u, na ga fuskarka tun daga nan. Sake ta, ka ji dalili.

Ku manya kun san abin da ya sami Sadiyatu bayan ta haifi Na'ima, yara ne ba su sani ba, kuma lokaci ya yi da za su sani. Ta yi shiru. Ba ta ci, ba ta dariya, a aza mata jaririya a cinya ta dube ta kamar ɗiyar wani. Aka ce iska ce, aka yi hayaƙi, aka sha rubutu. Da muka kai ta asibiti suka ce ciwon damuwa ne, ciwo kamar kowane ciwo. Maganin da suka ba ta ya taimaka, Allah ya saka musu, amma farkonsa barci ya riƙa kayar da ita, ta wuni kwance kamar an jiƙa tsumma. Ni na goyi Na'ima har ta yi tafiya. Sadiyatu ta warke sarai, ga ta nan ta fi ku duka baki. Amma yarinya ta tashi da labarin a kunnenta, ta ce ita abin da za ta nema shi ne maganin da zai ɗaga zuciya ba tare da ya kwantar da mutum ba. Shi ya kai ta karatun haɗa magunguna a jami'a.

Da ta zo digiri na biyu, sai ta ce za ta gwada ganyen nan na bayan ɗakina, wanda uwata ke jefa wa masu jego cikin kunu. Na ce a kan wa? Ta ce a kan ɓeraye. Na yi dariya har da tari. Gidan da aka san shi da bajimai tun kakan kakanni, ga jika ta tashi kiwon kusu! Tun ranar na raɗa mata Uwar Kusu.

Ana cikin haka malamai suka tafi yajin aiki, aka rufe wurin dabbobin, malaminta ya yarda ta kawo su gida. Farare ne tas, da jajayen idanu, kowane da alama a wutsiya, sun fi wasu jikokina tsabta. Ashafa ya ce ba a gidansa ba, ana yi masa dariya a kara, kasuwar shanu. Na ce gidan Alhaji Salihu ne, kuma matarsa ba ta mutu ba. Aka sa su ɗakin baya.

Ni na zama 'yar kallo, kuma na ga aiki. Ta auna kowane a sikeli, don nauyinsa ne ke faɗin yawan maganin da za a ba shi. Ta sa shi cikin ruwan ɗumi a gilashi, ta zuba ido ga agogo. Wanda ya daina iyo da wuri ya saki jiki, ta ce alamar fid da rai ke nan. Wanda ya ci gaba da fafutuka, magani ya ɗaga shi. Ta tsamo shi ta goge da tawul kamar ɗan sarki. Akwai wani allo mai ramuka da suke leƙawa, wanda kasala ta kama ba shi leƙe. Akwai na barci, ta kwantar da kusu rigingine ta ga ko zai juyo. Kuma kafin ranar gwaji takan janye musu abinci, su kwana da ruwa kaɗai.

Nan ne gizo ke saƙa. Ashafa, mutumin da ya ce ko kallonsu ba shi yi, ya ji labarin ana kwanar da dabba da yunwa cikin gidan ubansa. Kun san jininmu. Mu ba mu iya ganin haƙarƙarin dabba mu wuce. Sai ya riƙa biyowa in ya fito masallaci da safe, aljihu cike da ƙuli-ƙuli da dusa da ɗan kitse. Ya yi musu turka irin ta ragon layya. Ɓeraye suka yi ɓul-ɓul, gashi na ƙyalli. A sa su ruwa su yi lamo kamar gora, na magani da wanda ba a ba komai ba duk ɗaya. Yarinya ta rasa gane kan lissafinta, ta rame su suna ƙiba. Ranar da ta kama shi, yana tsugune gaban keji yana yi musu irin kiran da yake wa maruƙa.

Ta ce, “Baba, ka kashe mini shekara guda.”

Ya ce, “Dabba da yunwa cikin gidana? Ba ni iyawa. In aikinki ke nan, ba da yawuna ba.”

Daga ranar sai gaisuwa daga bakin ƙofa, shi kuma ya amsa da kalma guda. Aiki ya lalace, sai an sake sabbin ɓeraye daga wata jami'a mai nisa, ga tsada, ga kuɗin mota, ga abincinsu na musamman. Ba a yi wata ba na kira Na'ima na ce ta je ta ɗauko, an biya. Ta rungume ni tana kuka, na karɓi godiyar ban ko ƙifta ido ba.

Ta sake aiki daga farko, da kwaɗo a ƙofa wannan karon. Ɓerayen da aka ba ganyen kaɗan suka yi ta iyo, kuma ba su yi barci ba. Waɗanda aka cika wa suka ɓingire. Ranar da ta tsaya gaban manyan malamai, da keke aka kai ni, na zauna gaba da sabon lulluɓi. Turancin bai shige ni ba, amma na ga wani mai sanƙo yana jefa mata tambaya tana mayar masa, har ya aje alƙalami ya gyaɗa kai. Da aka tafa na rangaɗa guɗa, aka ce ba a yi a nan, na ce an yi yau. Yanzu sun kira ta ta zo ta zama dakta, uban ya ce ba ta zuwa, ita kuma ta ce ba ta tafiya ba da izninsa ba, ba ta kuma roƙonsa. Kai biyu iri ɗaya, duk na Alhaji Salihu.

Na huɗu, gare ki Uwar Kusu. Zauna in ba ki labari. Ni ban sayi ɓera ko ɗaya ba. Kin tuna jan bajimin nan da ubanki ya turke yana jiran kasuwar salla, wanda ya ce barga ta yi masa kaɗan ya sayar tun lokaci bai yi ba? Shi ne ɓerayenki. Ya kawo mini kuɗin cikin hula, ya sa na yi alkawarin ba ni faɗi muddin ina raye. To, ga shi an cika alkawari. Kuma ƙattin nan da ya lalata, da kika ce a kawar, ba a kawar da su ba. Suna bayan rumfarsa cikin keji har tsufa ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, yaransa na kara duk sun sani, tsoro ya hana su faɗi. Ki tashi yanzu, kafin a karanta na biyar, ki je ki durƙusa gabansa. Maganar da kika faɗa masa gaskiya ce, amma ba da wannan murya ake faɗa wa uba gaskiya ba.

Na biyar, gare ka Ashafa. Ɗago kai, ba zagi ba ne. Na san ba dariyar 'yan kara ce ta dame ka ba, kai da ko bajimi ya tunkuyo ba ka ja da baya. Tsoronka kada a ce 'yar Ashafa na binciken ciwon damuwa don uwarta ta taɓa yi. To a ce mana. Ta yi, ta warke, ta haifi wadda za ta nemo wa wasu sauƙi. Ni abin alfaharina ke nan, kuma da shi zan kwanta. Ban roƙe ka komai ba tun da ka yi gemu, yau ina roƙo: ka ba ta izni da bakinka a gaban 'yan'uwanka, ka kai ta tasha da kanka. Mutumin da ya sayar da sa ya sayi kusu ya riga ya yarda, baki ne kawai ya rage. Sharaɗi guda, in ka kai mata ziyara a caje aljihunka a bakin ƙofa.

Na shida. Ganyen bayan ɗaki kada a sare shi, kuma kada wani ya ƙulla shi a leda ya sayar da sunana. Na'ima ta ja mini kunne, ta ce kusu ba mutum ba ne, tafiya na da nisa kafin a ce magani ne, ni kuma na yarda da ita. Duk ɗiyar gidan nan da ta yi shiru bayan haihuwa, ko namiji da ya rufe kansa a ɗaki, a yi addu'a a kuma kai shi asibiti ranar nan, kada a ɓoye. Murja, wanga aiki naki ne, ke ce mai ido.

Na yafe muku duka, ku ma ku yafe mini tsokanata, wadda ta yi zafi da wadda ba ta yi ba. Rabi'u, ka riƙe wanka Ashafa, Murja ki riƙe su su biyu. Ku riƙa cin tuwon Juma'a kwano ɗaya kamar yadda ubanku ya bari, kada a raba tukunya don na kau. Allah ya yi muku albarka, ya albarkaci shanunku da ɓerayenku, ya sa mu gana a inda babu damuwa.

Mai karatu ya dakata nan, ya diba. In uban da 'yar suna zaune har yanzu kowa na kallon tabarma, a sake karanta na huɗu da na biyar da ƙarfi, har sai ɗaya ya tashi. Ni dai ba gaggawa nake ba yanzu.

Uwarku kuma kakarku,
Nana Hauwa