Gwaggo Ba Ta Cikin Takardarsu

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Na ji daɗin jin cewa ƙafar Baba ta yi sauƙi har yana takawa ƙofar gida da sandarsa. Allah Ya ƙara masa lafiya, Ya jiƙan Gwaggo da rahama. Ni ma lafiya lau, in ban da ciwon baya da ya zame mini abokin zama.

Saƙonka ya iso, kuma ba zan ɓoye maka ba, raina ya ɓaci. Ka ce ka rubuta takardar ajiye aikin koyarwa, tana aljihunka, jira kawai kake in ce ka taho nan ƙasar waje sai ka miƙa wa shugaban makaranta. Haba Auta! Hoto ɗaya na turo ina tsaye gaban wani kanti da ban taɓa shiga ba, shi ne ya ɗauke maka hankali? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ban ƙaryata kukanka ba. Na san albashinku sai ya ga dama yake zuwa, ga yara tamanin a aji ɗaya, ga wuta da ke zuwa kamar baƙuwa. A nan albashi ba ya saɓa rana, wuta ba ta ɗaukewa, bas ba ta makara. Amma agogon da ke kawo bas a kan lokaci, shi ne ni kuma yake korata. A gidan kula da tsofaffi inda nake aiki, minti goma sha biyar aka yanka mini in yi wa tsohuwa wanka, in shirya ta, in ba ta magani. In ta riƙe hannuna tana son hira sai in zame, don na'urar da ke aljihuna ta fara kuka. Shekara uku ke nan ban san sunan maƙwabcina ba, tarinsa kawai na sani ta bango. Ɗan Kawu direba da ya tafi wata ƙasar kuwa, ya ce fasfonsa yana durowar maigidansa, ko ganinsa ba ya yi.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Kowa ya ɗauka rashin jirgi ne ya hana ni zuwa lokacin da Gwaggo ta kwanta ciwon ajali. Ba haka ba ne. Da ka kira ni, ofishin shugabarmu na nufa, ta miƙo mini takardar neman hutun gaggawa. Gurbi huɗu ne a jiki: uwa, uba, miji ko mata, sai ɗa. Na daɗe riƙe da biro, sannan na rubuta a gefe cewa ƙanwar mahaifina ce. Ta karanta, ta ce ta tausaya mini, amma dokarsu ba ta san gwaggo ba, hutuna na shekara kuma saura wata biyar. Na gaya mata matar nan ce ta ɗauke mu tun kana goye ina shekara huɗu, ba mu san wata uwa ba. Ta ce in na tafi, to na tafi ke nan, da aikin da izinin zaman. Daga baya abokiyar aikina ta tambaye ni me ya hana in sa alama a gurbin uwa, tunda uwar ce. Wallahi har yau tambayar nan tana cina. Ranar da kuka kai Gwaggo makwancinta, ina nan tsaye ina taje wa uwar wani kai.

Kai fa? Da bakinka ka ce shugabanku ko takarda bai nema ba, cewa ya yi ka tafi ka kula da tsohuwa. Malamai suka raba ajinka mako uku, suka biyo ka har asibiti. A hannunka ta cika, Auta. Na fi ka albashi sau nawa, amma wannan ban samu ba, kuma ba zan taɓa samu ba.

Don haka ba zan ce ka taho ba. Kafin ka miƙa takardar nan, ka dubi Baba. Mijin Gwaggo ne, ko jini ba mu haɗa ba, amma shi ya saya maka littafinka na farko. In Gwaggo ba ta samu gurbi ba, ina ga shi? Ranar da zai neme mu, ni na riga na san amsar da za a ba ni. Kada mu zama mu biyu.

Ka gaishe mini da maiɗakinka, da Kawu da iyalinsa, da Yaya Babba, da 'yar lelena Mai Surutu. Baba kuma ka ce ina neman albarkarsa. Ka zauna ka yi masa aski da hannunka, ka saurari labaransa har ya gaji, tunda kai babu mai ƙirga maka minti.

Taka har kullum,
Yayarka