Wa Ke Kallon Auta ta Kwamfutar Makaranta?

Daga:
Mahaifiyar ɗaliba 'yar ajin ƙarshe,
Gidajen ma'aikatan asibiti, hawa na biyu, ƙofar ƙarshe.

Litinin, 12 ga Mayu, 2025

Zuwa ga:
Mai girma Shugaban Kwamitin Gudanarwa,
Makarantar Sakandaren 'Yan Mata,
Ta hannun Shugabar Makaranta.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: JAN GARGAƊIN DA KE FITOWA A KWAMFUTAR DA MAKARANTA TA BA 'YATA, DA MANHAJAR DA AKA ƊORA MATA BA DA SANINMU BA

Bayan gaisuwar ban girma da fatan kana lafiya tare da sauran mambobin kwamiti, ina neman izinin gabatar da ƙorafina. Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin masu jego. 'Yata, wadda gida da makaranta kowa ke kira Auta, tana ajin ƙarshe, kuma ranar 26 ga wannan wata za ta fara jarrabawar fita, wadda aka ce a kan kwamfuta za a yi ta. Ba na cikin iyayen da ke zaryar makaranta a kan kowace 'yar magana, malamanta shaida ne. Tsoro ne ya sa ni ɗaukar biro. Da hannu kuma na rubuta takardar nan, domin ban yarda in buga ta a kan kwamfutar da nake kuka da ita ba. In rubutun ya karkace a wani wuri, a yi mini uzuri.

1. A watan Janairu makaranta ta raba wa 'yan ajin ƙarshe kwamfutocin hannu, aka ce su riƙa zuwa da su gida don karatu. Mun yi murna, mun yi godiya. A taron iyaye an yi mana bayanin caji, da tsinkewar waya, da hana ƙanne wasa da ita. Ba wanda ya ce mana akwai wani abu a cikinta da ke tashi da kansa yana aiki a ɓoye. Na ajiye wa Auta ita a kan teburin da ke ɗakinta, daura da gado, domin nan ne kaɗai wurin da ba hayaniya.

2. Ranar Alhamis, 10 ga Afrilu, aka karɓi kwamfutocin, aka ce jami'in kwamfuta na makaranta zai sabunta su. Tun da aka dawo da ta Auta, duk shafin da ta nufa a intanet sai burauza, wato manhajar buɗe shafuka, ta tare ta da jan gargaɗi: wai haɗin nan ba na sirri ba ne, wai mai yiwuwa wasu na ƙoƙarin sace bayananta da kalmar sirrinta. Ɗan kwaɗon nan da ke sama kusa da adireshin shafi, mai nuna an kulle, ya ɓace. Hatta shafin makarantar da kansa haka yake yi. Ranar farko ta kira ni daga kicin da wata irin murya, na zo da ludayi a hannu na tarar da allo ja wur. Ni ba gwanar kwamfuta ba ce, amma a wurin aikinmu in na'ura ta nuna ja ba a zama a naɗe hannu.

3. Na tura ta wurin jami'in kwamfuta. Ya ce mata ba komai, ta danna inda aka rubuta a ci gaba. Ta koma, ya maimaita mata. Ashe har 'yan ajinsu sun laƙaba masa suna, Malam Danna-Kawai suke ce masa a bayan idonsa, suna dariya. Ni ma da na fara ji na yi murmushi, Allah ya yafe mini. Ranka ya daɗe, wace irin tarbiyya ce a koya wa yarinya cewa in aka ce mata akwai ɓarawo a hanya ta rufe ido ta wuce? Rigakafi dai aka ce ya fi magani.

4. Bayan gargaɗin sai ga wani abu da ya fi shi tayar mini da hankali. 'Yar fitilar da ke gefen kyamara ta fara kamawa da kanta, ta ɗan jima, ta mutu. Ba darasi ake yi ba, ba kira ta amsa ba, karatunta kawai take yi. Da idona na gani ina ninke mata kaya. Na ciro filasta a jakata na manne kyamarar. Washegari jami'in ya aika aka kira Auta daga aji, ya ce ta cire abin da ta liƙa, wai na'urarsu ta nuna masa an toshe kyamara, kuma hakan saɓa dokar makaranta ne. Na ba kaina haƙuri, na ce wataƙila na'ura ce ke sanar da na'ura, ba idon mutum ba ne. Na cire filastar.

5. Wannan shi ne abin da ya hana ni sukuni, ina roƙon a karanta shi a tsanake. Ranar Asabar, 3 ga Mayu, ina yi wa Auta kitso a ɗakinta, na yi rabi, sai aka bugo mini daga asibiti cewa wata abokiyar aikina ba ta da lafiya, in zo in riƙe mata aiki. Na bar ta da kai rabi a kitse rabi a tsefe. Haka ta yini tana bitar karatu a gaban kwamfuta, da rigar zaman gida mara hannu saboda zafi. Ba ta leƙa waje ba, ba ƙawar da ta zo, labulen taga a sake yake, mu kuma a sama muke. Lahadi da safe na ƙarasa mata.

Ranar Litinin ta haɗu da jami'in a baranda wajen ɗakin karatu. Cikin raha ya tambaye ta ko mamanta ta samu ta ƙarasa kitson nan kuwa. Ranka ya daɗe, ka san kayan makarantarku, kan ɗaliba a rufe yake tun daga ƙofar gida har ta dawo. Ta yaya ya san da kitso? Ta yaya ya san rabi ne? Ta yaya ya san ni ce mai yin sa?

Yarinyar ba ta gaya mini nan take ba. Ta dawo ta ƙi abinci, ta ce kanta ke ciwo, har na auna zafin jikinta. Sai da na zaunar da ita na ritsa ta, sannan ta faɗa tana kuka. Na tambaye ta ko ta ba wata ƙawarta labarin kitson, ta rantse ba ta yi ba, kuma ai ba labari ba ne da za a ba wani. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. A bakin gadonta na zauna, ina kallon wannan ɗan baƙin idon da ke saman allo. Na san zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, shi ya sa ban ce ya gani ba. Na faɗi abin da ya fito daga bakinsa ne, kwamiti ya tambaye shi inda ya samo shi.

6. Na kira gwaggon Auta, ƙanwar mahaifinta, wadda aikin kwamfuta take yi a wani kamfani. Ta zo ta zauna, mu muna tsaye a kanta kamar masu jiran sakamakon gwaji. Ta duba kwanan wata da agogon kwamfutar, ta ce daidai suke, wai kuskurensu kan jawo irin wannan gargaɗi. Ta cire ta daga intanet ɗin gida ta haɗa da na wayarta, ja bai tafi ba. Ta gwada wata burauzar, nan ma ja. Daga nan ta buɗo jerin manhajojin da ke tashi da kansu da zarar an kunna kwamfuta, ta riƙa tsayar da su ɗaya bayan ɗaya, ta kashe kwamfutar ta kunna, ta duba. Da ta zo kan wata mai suna na haruffa da lambobi da ba ya karantuwa, wadda kwanan watan ɗora ta ya nuna 10 ga Afrilu, ta tsayar da ita ta sake kunnawa. Gargaɗi ya ɓace, kwaɗo ya dawo. Don kada a ce dacewa ce, ta mayar da ita, ja ya dawo. Ta sake tsayar da ita.

Ta yi mini bayani yadda zan gane. Ta ce manhajar tsayawa take yi tsakanin burauza da duk shafin da aka nufa, kamar ɗan aiken da ke buɗe wasiƙa ya karanta ya sake liƙe ta da hatiminsa. Burauza ta ga hatimin ba na asali ba ne, shi ne take ihu. Ta kuma nuna mini inda aka ba manhajar izinin amfani da kyamara da makirufo. Wato duk lokacin da ake ce wa 'yata ta danna kawai, kwamfutar gaskiya take gaya mata. Ina so a rubuta cewa gwaggonta ba ta goge komai ba, ba ta ɗora komai ba, tsayar da abin kawai ta yi, kuma da izinina.

7. Maimakon a kira mu a yi mana bayani, ranar Alhamis, 8 ga Mayu, aka ba Auta takardar gargaɗi, wai ta yi wa kayan makaranta katsalandan da nufin satar amsa. An ce in ba ta mayar da manhajar ba za a hana ta zama jarrabawa. Auta da satar amsa! Yarinyar da in ta tsinci biro a aji sai ta bi layi tana neman mai shi. Washegari na bar aiki na je na ga Mataimakiyar Shugaba. Ta karɓe ni da mutunci, ba zan ci amanarta ba. Ta ce manhajar ta kare yara ce daga miyagun shafuka da maguɗi, kuma a saninta kyamara ba ta aiki sai lokacin jarrabawa. Da na kawo zancen kitso sai ta ce mai yiwuwa yarinya ce ba ta ji daidai ba. Na tambaye ta wa ke da ikon kunna kyamarar, da inda hotunan ke zuwa, da ko ana ajiye su. Ta ce wannan sai jami'in kwamfuta. To, wanda nake ƙara shi za a tura ni in tambaya?

A ɗakin da nake aiki, ko labulen gadon mara lafiya zan ɗaga sai na yi sallama na jira ta kimtsa, alhali ita ta kawo kanta kuma ta san ina nan. 'Yata a ɗakinta take, a gidan ubanta, ba wanda ya yi mata sallama.

8. Yanzu gaba kura baya sayaki. In na bari ta kunna manhajar, ban san wanda na buɗe wa ƙofar ɗakinta ba. In na hana, an hana ta jarrabawa, karatun shekaru ya tafi a banza. Kuma ba ita kaɗai aka ba kwamfutar ba, kowace 'yar ajinsu tana da irinta, galibi a ɗakin kwana. Ban faɗa wa sauran iyaye ba tukuna, saboda ina girmama makaranta, kuma ba na son sunan 'yata ya shiga bakin duniya. Mahaifinta ma bai sani ba. Direban manyan motoci ne, yana kan hanya, ranar 20 ga wata muke sa ran dawowarsa. Na roƙi ƙanwarsa ta riƙe bakinta. Na san halin mijina a kan yarinyar nan, in ya ji ba takarda zai rubuta ba, kuma wannan ma tsoro ne na daban da nake kwana da shi.

Saboda haka, cikin ladabi, ina roƙon kwamiti mai girma da ya janye takardar gargaɗin da aka ba Auta, ya kuma ba ta damar yin jarrabawarta a kan kwamfutar da ke harabar makaranta, a gaban malamai. Ina roƙon a tsayar da wannan manhaja a kan kwamfutocin dukan ɗalibai tun yau, a sanar da iyaye a rubuce. Ina roƙon a karɓe makullan ɗakin kwamfuta da kalmomin sirri daga hannun jami'in har a gama bincike, kada a goge abin da ya kamata a gani, kuma mai binciken ya zo daga waje. Abu na ƙarshe, wanda ya fi komai a wurina: a gaya mini, a rubuce, wa ya kalla, me ya gani, da ko akwai hoton 'yata a ajiye a wani wuri. Ina roƙon amsa kafin ranar 20 ga wata.

Yau da safe na nemi Auta a ɗakinta ban gan ta ba. Ashe tana banɗaki, ta kulle ƙofa, a can take sa kayan makaranta, alhali kwamfutar tana kashe cikin jaka a falo. Da ta fito ta tambaye ni, ba tare da ta kalle ni ba, wai abin da mutum ya riga ya gani ana iya goge shi? Na ce mata zan tambayi manya. Ranka ya daɗe, ga shi na tambaya.

Ina mai ƙanƙan da kai da neman afuwa in na zarce a wani wuri. Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya tsare mana 'ya'yanmu baki ɗaya.

Taka mai biyayya,

(sa hannu)
Mahaifiyar Auta,
Ma'aikaciyar jinya, ɗakin masu jego.