Jirgin da Na Dawo da Shi Gida

Zuwa ga maigidana Ruairidh,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya kai da 'yarmu Anna, kuma tarin nan ya sake ka. Na sauka tsibiri lafiya, ko da yake teku ta wujijjiga mu har na sake rantsuwar da na saba, cewa ni da jirgin ruwa har abada.

Albishirinka! Littafina ya riga ni isowa. Waɗanda aka kawo kantin Peigi sun ƙare ƙarƙaf, ɗaya ma yawo yake gida-gida cikin ledar burodi saboda ruwan sama. Da na ji, rawa na taka a tsakar kicin, Inna ta ce in nutsu, nan ba Glasgow ba ce.

Ka tuna ɗan jaridar da ya ce a wurin manyan marubutan Ingila na koyi salo? Dariya ce kawai! A rumfar saƙar Baba Iomhar na koya, tsohon nan na ƙarshen ƙauye, mai fara labari daga tsakiya ya bar ka a rataye ya tafi shan shayi. Sauran kuma daga waƙoƙin Kaka in mata na bugun ulu a kan tebur, da yadda ake jan Zabura a cocinmu, mutum ɗaya ya ba da layi jama'a su ja shi har numfashi ya ƙare.

To amma akwai matsala. Babu wanda ya ce mini uffan game da littafin. Kai ma ka san labarin Uisdean ne, ɗan Baba Iomhar, wanda ya fita kamun kifi ina yarinya, teku ba ta dawo ko da hularsa ba. Na sauya sunaye, kuma a littafina jirgin ya dawo. Ranar Asabar za a yi wa Inna gayyar yankan ƙasar wuta, baƙar ƙasar fadamar nan da muke busarwa mu hura murhu da ita. Ka san halinmu, mai fushi ba ya magana, ƙin zuwa gayya kawai yake yi. In gidan Baba Iomhar ba su zo ba, babu mai zuwa, Inna ta shiga hunturu murhu a mace, ga kunya, duk saboda ni.

Ka sumbatar mini Anna.

Matarka,
Seonag

*

Maigida,

Ina gaisuwa, ya aiki, ya Anna da makaranta? Wannan gajeruwa ce, hannuna duk gari.

Inna tana ta gasa gurasa da jiƙa kifin gishiri kamar duk tsibirin ne zai zo. Na ce ta rage, ta ce in ba ni da aikin yi in fere dankali. Jiya na je har ƙofar Baba Iomhar, na ji ƙarar masaƙarsa, na juyo kamar ɓarauniyar kaza. A kanti kuma Peigi ta dube ni ta kan tabarau ta ce, "Ke 'yar nan, yanzu ai sai mutum ya riƙa tauna magana a gabanki." Yabo ne ko zagi? Ka san Peigi, da fuska ɗaya take yin su.

Zumuɗi da tsoro sun hana ni zama wuri ɗaya. Ka yi mana addu'a gobe.

Taka,
Seonag

*

Ruairidh nawa,

Gaisuwa da kewa, da fatan kun tashi lafiya. Tun jiya nake son rubuto maka, amma ka san Inna da ranar Lahadi, alƙalami ma hutu yake.

Sun zo! Ruairidh, sun zo! Muna tsaye a bakin ramin, iska na neman kwashe mu, sai ga taraktar maƙwabcinmu Murchadh cike da maza, ga mata da butocin shayi a baya. Ban saki jiki ba sai da na hango Baba Iomhar yana dogara sanda, 'yarsa na riƙe masa ƙarfen yanka. Ka san bibbiyu ake yi, ɗaya ya yanka ɗaya ya jefa waje. Ya nuna ni da sanda ya ce, "Ke mai littafi, shiga rami, mu gani ko hannun nan ya iya wani abu ban da ƙarya." Aka kwashe da dariya, na faɗa cikin laka da murna.

Yana yanka ina jefawa. Bayana ya kusa tsinkewa, ban yarda na nuna ba.

Da aka zauna shan shayi, ya matso kusa da ni a kan ciyawa, ya daɗe yana hura kofinsa. Ya ce 'yarsa ce ta karanta masa littafin, kuma ya sa ta yi ta maimaita wurin da jirgin ya zagayo dutse. Sannan ya ce, "Amma kin tsaya a bakin gaɓa, 'yata. Ba ki kai shi gida ba. Uwarsa ta bar masa romo a kan wuta ran nan, har ta koma ga Allah tana zancen romon. Ki shigar da shi ya ci."

Na yi kuka, Ruairidh, gaban kowa, fuska duk baƙar laka. Shi kuwa ya miƙe ya ce shayi ya isa, akwai sauran aiki.

Kada ku tare ni ranar Laraba, ba zan taso ba tukuna. Na riga na fara rubuta shigarsa gida, ɗan Baba Iomhar yana cire takalminsa a bakin ƙofa.

Ka gaishe da Anna, ka ce ta yi haƙuri da uwarta.

Matarka mai ƙaunarka,
Seonag