Idanun Inno a Sabke

Daura, Asabar

Zuwa ga Yaya Haulatu,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da Malam da ɗan jaririnmu. Mu ma lafiya lau.

Yaya, akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Tun da idon kakarmu Inno ya rufe nake tsoron ta ce in faɗa mata abin da nake gani, don bakina nauyi yake yi a gaban mutane.

Kawu Maharazu ya zo daga Kaduna, ya ɗauki shatar mota ta kwana uku don ya zaga da Inno, kuma ni aka ce in riƙe mata hannu. Yau mun je rijiyar Kusugu. Sanyin wurin ya ratsa ni, na leƙa cikin rijiyar. Inno ta tambaye ni yadda take, na ce rijiya ce kawai. Ta sha ruwan, ta ce mu koma gida. Jibi za a je Kongolam, inda ta yi ƙuruciya. Na shirya in ce kaina na ciwo, a tafi da wani.

Ƙanwarki,
Khairunnisa

Daura, Lahadi

Yaya Haulatu,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Yau mun biya kasuwar Mai'adua. Na ga raƙuma har wuyana ya gaji, muka sha furar da ban taɓa shan irinta ba. Daga nan Auta direba ya kai mu dam ɗin Sabke.

Yaya, ban san ruwa yana yawa haka ba. Na manta da Kawu, na manta da Auta. Sai na ji bakina yana gaya wa Inno cewa ruwan ya kai inda sama ta sauko, rana ta farfashe a kansa, ga mai kwalekwale can ƙarami kamar ƙwayar gero. Ta matse hannuna, ta ce in ƙara. Na yi ta faɗa mata har soyayyen kifinmu ya huce. A mota ta ce wa Kawu yau ta ga ruwa.

Na wanke hijabina na shanya. Gobe sai Kongolam, ni zan fara shiga motar, kusa da taga, gefen kunnen Inno mai ji.

Ki gaishe da Malam.

Taki,
Khairunnisa