Zarton da Ke Silalowa Shi Kaɗai

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da yara da maigidanki sarkin tumbi.

Yau ba tsokana na kawo ba. Baba ya kafa sabon injin yanka katako a shago. Faifan zarton a rataye yake jikin wani hannun ƙarfe a saman tebur: ka jawo shi gabanka ya yanke katako, ka mayar da shi baya ya tsaya. To namu ba ya tsayawa. Daɓen shagon ya gangaro ta gaba, da ka sake shi sai ya riƙa silalowa a hankali zuwa daidai inda Baba ke ɗora hannu. Kuma ko an kashe shi, faifan sai ya jima yana juyawa.

Na ce a ɗaga ƙafafun teburin na gaba. Ya ce tun ban san baƙi ba yake kafa inji. Don Allah ki kira shi, ke yana jin maganarki. Tsoro nake ji wallahi.

Ƙaninki,
Auta

Yaya,

Ina gaisuwa. Kowa lafiya, riƙe wannan tukuna kafin ki ci gaba.

Da na ji ki shiru sai na yi irin tawa. Na cusa garin katako a safar hannu, na zura ta a hannun tsohuwar rigata. Baba na juyawa ɗauko katako, inji a kunne, na ɗora ta kan tebur na laɓe. Nufina ya ga an datse ta, ya zage ni, ya gane.

Ya waiwayo ya ga faifan ya doshi hannu. Yaya, ko makunni bai nema ba. Sunana ya ƙwala, ya kai hannunsa zai fizge nawa. Zarton ya cafki hannun rigarsa ya yage shi har gwiwar hannu. Na fizge wayar injin daga bango. Allah ya kiyaye, ƙujewa kawai ya yi.

Ya zauna daɓas a ƙasa riƙe da safar, garin katako na zuba a cinyarsa. Na jira mari, shiru. Da ma marin ya yi.

Washegari na tarar ya ɗaga ƙafafun, ya ɗaure injin da ƙasa, ya naɗe hannun riga. Har yanzu magana ɗaya ya yi mini: duk sanda inji ke kunne, in tsaya inda zai riƙa ganin hannayena duka biyu.

Ki roƙar mini shi gafara. Ki gaida yara.

Naki,
Auta