Kalma Biyu da Jan Biro

Zuwa ga 'yar ƙanina, malamar Turanci,

Gaisuwa mai yawa. Ya yara, ya maigidanki? Ni ƙafar ce dai, kin san ta.

Tsohon manajan kamfanin da marigayi mijina ya yi wa tuƙi shekara ashirin da shida ya aiko min wasiƙa daga asibiti. Wai jiki ya ƙi, in yafe masa abin da ya rubuta. Me ya rubuta? Ni rubutunsa ɗaya na sani, takardar sallamar nan da na sa wa gilas na rataye saman rediyo. A gefenta akwai kalma biyu da jan biro. Yabo na ɗauke su, duk baƙon da ya shigo sai na nuna masa. Ga ta nan na ciro. Ki faɗa min abin da suke nufi, ban da kwana-kwana.

Gwaggonki.

*

Gwaggo,

Ina gaishe ki da girmamawa, Allah ya ƙara sauƙin ƙafa.

"Dead wood" aka rubuta. Haka Turawa ke kiran ma'aikacin da ya daina amfani, yana tare wuri kawai, kamar busasshen reshen da ya kamata a sare. Ba yabo ba ne. Baba Direba ya san ma'anarsa. Shi ya roƙe ni kada in faɗa miki, ya ce ya ga yadda kike murna da ita. Ga takardar na dawo miki da ita. Gwaggo, mutumin nan kwance yake, ki sassauta.

'Yarki.

*

Malama,

Na gaishe ki. Ashe shi ya sa marigayi ya yi shekara goma sha ɗaya yana juya wa bangon nan baya in zai ci abinci, ni ina ce masa gardamamme. Ke ma zan dawo kanki. Bari in gama da babban tukun.

Gwaggonki.

*

Manaja,

Ina gaisuwa, don an koya min gaisuwa. Ba zan ce ya jiki ba, ka riga ka faɗa.

An karanta min. Ashe zaginka na rataye a ɗakina da hannuna, ina goge masa ƙura kowane mako, mijina yana kallo. Mutumin da ya kai matarka asibiti tana naƙuda kai kana wurin taro. Mutumin da ko kaza bai taɓa takewa da motarku ba. Shi ne busasshen reshe.

Ga takardarka, na mayar da ita cikin gilas ɗinta. Ƙusar ma tana ciki. A kafa maka a bangon da gadonka ke kallo.

Yafiya kuwa, ba ni ka rubuta wa zagin ba. Mai ita ya tafi, kuma da alama za ka riga ni ganinsa. Sai ka tambaye shi.

Ka huta lafiya.

Matar direba.